Wankin hoto a Kaduna ko ajiya a Google Photos: wanne ya fi riƙe hotunan yara?

Daga Kawo har Tudun Wada, duk shagon da ka shiga zai ce yana wankin hoto, amma aikin iri uku ne. Akwai firinta mai tawada, ita ce mafi arha, kuma ɗigon ruwa ɗaya kan iya zubar da launin fuska. Akwai ƙaramin inji mai zafi irin na hoton fasfo, wanda ke shimfiɗa siririyar kariya a saman hoton. Ba laifi, yana jure taɓawar hannu. Sai wankin lab, wanda ake yi da sinadari a kan takardar hoto ta asali. Juya bayanta, galibi za ka ga tambarin Fujifilm ko Kodak. Hoton suna, na saukar karatu da na kakanni, wannan na ukun ya dace da su, ko da kuɗinsa ya ɗara.

Yawancin hoton da ya fito dishi-dishi ba laifin inji ba ne. An turo shi ne ta WhatsApp, wanda ke matse hoto ya rage masa ƙwari. Girman da aka fi wankewa, inci 4 da 6, yana son aƙalla fiksel (ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto) 1200 da 1800. Tura hoton a matsayin fayil, ko ka miƙa wa mai shago ta waya da kebul. Wani abin da masu shago ba su cika faɗa ba: hoton waya ya fi takardar faɗi, dole a yanke gefe. Ka tsaya a nuna maka a allon kwamfuta kafin a buga, in ba haka ba ka karɓi hoton Baba babu saman hula.

Laminatin kuwa, a guje shi ga tsohon hoto. Da zafi ake manna ledar, ba ta ɓaruwa, kuma idan damshi ya shiga ta gefe sai launi ya jiƙe a ciki. Damshin watan Agusta a Kaduna ma kan manne hoto da gilashin firam, a zo cirewa fuska ta biyo gilashi. Albam mai aljihu, a cikin akwati nesa da ƙasa saboda gara, ya wadatar. A rubuta suna da shekara a baya da fensir. Biro kan huda ko ya ratsa.

Google Photos, ma'ajiyar hotuna ta intanet, na da amfaninsa: wayar da aka ƙwace a Kasuwar Bacci ba ta tafiya da hotunan. Sai dai kyautar 15GB ce kawai, Gmail da Drive ma a ciki suke ci, kuma tun Yunin 2021 aka daina ajiya mara iyaka. Asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba, kamfanin na iya goge shi. Idan mai wayar ya rasu ba wanda ya san kalmar sirri, samun hotunan ya zama aiki.

Hukuncinmu: a bar komai a Google da kwafi ɗaya a kwamfuta, sannan duk shekara a zaɓi kamar 30 a kai lab. Tsofaffin hotuna da babu nagatif ɗinsu (fim ɗin da aka wanko su daga ciki), a sa mai shago ya yi musu sikanin, wato ya kwafe su cikin kwamfuta, a 600 dpi (ɗigo 600 a kowane inci), a karɓi fayil ɗin kafin a bar shagon.