Abin da Maƙerin Birmingham Ya Gani a Sarƙata

Shekarata bakwai a Birmingham, amma ban taɓa shiga unguwar maƙeran zinare da suke kira Jewellery Quarter ba sai da auren ɗiyar yayana ya taso, aka ɗora mini nauyin haɗa kayan adon da za ta saka da farar rigarta ranar dina. Rigar mai dogon hannu ce da rufaffen wuya, an cika ƙirjinta da duwatsu. Na ɗauki sarƙar da na saya a gida kafin in taho, wadda na biya kuɗinta a matsayin gwal mai karat 21, da niyyar in samo 'yan kunne da awarwaro masu launinta, in haɗa in ba amarya.

Maƙerin, wani dattijon Bature, ya karɓa ya jujjuya ta, ya manna ɗan gilashinsa a ido, sannan ya nemi izinin gwadawa. Na ce ya gwada, har ina yi wa amarya murmushi. Da ya dawo sai ya sassauta murya ya shaida mini cewa maƙallin da aka buga wa lamba shi kaɗai ne gwal, sauran kuwa tagulla ce da aka yi wa ruwan zinare. Amarya ta taɓa ni ta ce, "Goggo, mu tafi kawai." Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, ina tuna mai shagon da ya yi ta kira na Hajiya, ya aika aka sayo mini lemo mai sanyi, ya rantse mini har sau uku, ya kuma rubuta rasit a takardar da ko sunan shago babu.

Dattijon ne ya nuna mini abin da ya nema bai gani ba. Bisa dokar 1973, duk kayan da za a sayar da sunan gwal a Birtaniya, muddin sun kai giram ɗaya, sai an kai su ɗaya daga cikin ofisoshin gwaji huɗu, wato na Landan da Birmingham da Sheffield da Edinburgh, an auna tsarkinsu an buga hatimi. Ofishin Birmingham tun 1773 yake aiki, alamarsa ankar jirgin ruwa ce, duk da garin ba ya kusa da teku, na Landan kuwa kan damisa ne. Kusa da alamar akwai lamba: 375 na nufin karat 9, 750 karat 18, 916 kuma karat 22. Mai sayarwa ba shi ne mai shaida ba. A wurinmu gwal shi ne asusun mace, shi take fiddawa ranar da rashin lafiya ko kuɗin makaranta suka matso, amma muna sayensa da "wallahi" da "ɗan gidan wane ne", kuma wadda ta ce a gwada sai a ce ta ci mutuncin mai kaya.

Kada a ɗauka komai nasu ya burge ni. Gwal ɗinsu mai karat 9 fari ne fatau, wanda uwar miji za ta kalla ta taɓe baki, ga tsadar aiki, ga shi ba a ciniki. Shagon kayan amare bai bar mu mun shiga ba sai da muka sa rana, kuma mutum biyu kawai aka yarda su raka amarya. Mayafinsu raga ce da ba ta rufe komai. Ma'aikaciyar ta dubi hoton rigar ta ce wuyan ya riga ya cika, sarƙa za ta yi yawa. Na ji haushi, domin amarya ba sarƙa a wurinmu abin magana ne, sai dai da aka gwada na ga gaskiyarta.

A titin Soho, wurin Indiyawa, muka samu jan gwal irin wanda idonmu ya saba da shi, har aka rage mana kuɗin aiki. Muka ɗauki 'yan kunne masu lilo da awarwaro biyu, kuma ban biya ba sai da na karɓi gilashin na ga 916 da idona. Goggoro kuwa ni na ɗaura mata ina kallon YouTube, ina kewar maƙwabciyarmu da ke gama shi kafin shayi ya huce. Sarƙar tana nan cikin durowa, kuma har yanzu ban sanar da Hajiyar da ta raka ni shagon da na saye ta a gida ba.