Matashin da ya gyara mana manhajar faktur a Garwa

Jama'a masu butik a Garwa, in manhajarku tana yanke sunan kaya a faktur (wato rasit) to akwai wani matashi mai shagon kwamfuta kusa da babbar kasuwa, ku gwada shi. Mu dai firintarmu ƙarama ce ta 58mm, layi ɗaya harafi 32 kawai take ɗauka, ga kayan da muke sarowa daga Sin sunayensu na zuwa da rubutun Sinanci, sai layin ya karkace farashi ya faɗo ƙasa, wani lokaci ma ka ga wata alama marar ma'ana a ƙarshen suna.

Abin da ya burge ni bai taɓa komai ba sai da ya zauna ya karanta gyaran da mai manhajar ya yi a baya, layi bayan layi. Ya nuna min ashe byte (ma'aunin wurin da rubutu ke ci a cikin kwamfuta) ake ƙirgawa maimakon faɗin harafi, alhali a tsarin ajiye rubutu na UTF-8 harafin Sinanci ɗaya byte 3 ne kuma gurbi biyu yake ci a layi, su é da ƙ da ɗ kuwa byte 2 ne amma gurbi ɗaya, shi ya sa ake datse harafi a tsakiya. Ya sa wcwidth, wani kayan aiki na yaren rubuta manhaja Python, yana auna faɗin sunan kafin a yanke, ya bar wa ɗigo ukun da ake sawa a ƙarshen sunan da aka yanke gurbinsu, har da emoji ya gwada a gabana.

Matsalarsa ɗaya samunsa a waya sai ka yi haƙuri, kuɗinsa ma ya ɗan yi sama gaskiya. Amma wallahi faktur tsaf take fita yanzu, maƙwabcina mai kayan waya ma na tura shi can.