Kafin ka sayi mazubin harsashi: hanci mai tsini ko mai faɗi?

Duk wanda ya fara sha'awar zuba harsashin dalma da hannunsa, idonsa kan fara sauka a kan mai dogon hanci mai tsini. Yana da kyan gani, kuma hankali na cewa abin da ya fi tsini shi zai fi keta iska. Haka ne, amma dalma tana da laushi. Siffar da harsashi mai rigar tagulla ke riƙewa, dalma tsirara ba ta iya riƙe ta. Idan albarushi ya tashi, gindi ne ke fara shan turi, kuma dogon hanci siriri da babu abin da ya tallafe shi a cikin bututu yakan sunkuya gefe guda. Daga nan harsashin ya fita nauyinsa a karkace, yana tangaɗi tun daga bakin bindiga.

Don haka tambayar farko ita ce nisan da za ka riƙa harbi. Mai harbin takarda da libarba a yadi 25 zuwa 50 ba shi da abokin da ya wuce wadkota, wato mai kai a shafe kamar ƙaramin gwangwani. Mai nauyin giren 148 (giren ƙaramin ma'aunin nauyin harsashi ne) na libarba .38 Special, da ake korawa a hankali wajen ƙafa 700 zuwa 750 a daƙiƙa, kusan duk jikinsa na manne da bututu, ba shi da damar karkacewa. Ramin da yake hudawa a takarda zagayayye ne tsaf, alƙali ba ya wahalar ƙidaya maki. Sai dai iska na cin gudunsa da wuri. Ya wuce yadi 50 sai ya fara rasa natsuwa, ka ga ramuka sun koma kamar ƙwai.

Wanda yake son mazubi ɗaya ya yi masa aiki da yawa, ya dubi rabin wadkota irin wanda masanin bindiga Elmer Keith ya tsara a ƙarshen shekarun 1920. Mazubin kamfanin Lyman lamba 429421, mai nauyin kusan giren 250 na .44 Special, shi ne sanannen misali, sai ɗan'uwansa 358429 na .38. Hancinsa ya tsuke amma bakinsa da faɗi, yana da kafaɗa mai kaifi da ke yanka takarda, da ɗamara uku masu kauri da ke kama tsagin bututu, wato murɗaɗɗun layukan cikinsa masu juya harsashi. Ya fi wadkota riƙe gudu nesa ba kusa ba, yana kai yadi 100 bai rikice ba. A ganina, mai libarba da zai sayi guda ɗaya tak, wannan ya kamata ya ɗauka. Masu fistol .45 ACP kuwa sun daɗe da amincewa da siffar Hensley & Gibbs lamba 68 mai giren 200.

Mai zagayayyen hanci ba shi da rigima: yana hawa ɗakin harsashi sumul a fistol mai loda kanta, amma raminsa a takarda yagagge ne. Idan kuma raifil ɗinka irin mai liba ce da ke jera harsasai a bututu ɗaya, hancin na baya a kan firamar na gaba, wato ƙyastun gindinsa mai tayar da albarushi, to mai faɗin baki dole ne, ba zaɓi ba.

A raifil ne zaɓin ya fi ɗaukar tunani, domin a yadi 200 ko 300 harsashin da ya yi saurin zubar da gudu ya fi shan kaɗawar iskar gefe. Hanya biyu ce. Akwai mai dogon hanci da ke kwanciya a kan tudun tsagin bututu, kamar Lyman 311299 mai giren 200. Yana keta iska da kyau, amma da sharaɗi: hancin ya dace da bututunka. Gwajin da sauƙi. Ka tura hancin a bakin bututu da yatsa. In ya shiga da ɗan tauri, ka zaro ka ga siraran layuka a jikinsa, ka dace. In ya faɗa ciki yana ƙwal-ƙwal, ba irin albarushin da zai gyara maka saiti. Na taɓa ɓata watanni ina canza awon albarushi a kan wani mazubi, ashe hancin ne bai cika bututun ba da abin da bai kai kaurin gashi ba. Hanya ta biyu ita ce tsarin Guy Loverin: gajeren hanci, jiki cike da siraran ɗamara da ramukan maiko. Iska ta fi cin sa, amma yana yafe wa bututun da maƙogwaronsa, wato mashigar harsashi daga ɗaki zuwa tsagi, ya ɗan ci, kuma sabon shiga ya fi samun saiti da shi da wuri.

Kada ka manta da tsawo. Dogon harsashi yana bukatar murɗin tsagi mai sauri kafin ya tsaya daidai a iska. Lissafin Greenhill na 1879 yana nan da amfaninsa: ka ninka faɗin harsashi da kansa, ka ninka da 150, ka raba da tsawonsa. Mai faɗin inci .308 da tsawon inci 1.2 yana son juyi ɗaya a kusan inci 12.

Yanzu gindi, inda mutane ba sa dubawa. Tun 1909 Franklin Mann ya wallafa gwaje-gwajensa da suka nuna cewa lahani a gindin harsashi ya fi lahani a hanci watsa saiti. Dalilin a fili yake: a ƙiftawar idon da harsashi ke barin bututu, in gefe ɗaya na gindin ya riga fita, iskar albarushi ta nan za ta kufce ta ture shi. Shi ya sa nake ɗaga kowane harsashi zuwa haske in dubi da'irar gindinsa, wanda bakinsa ya dakushe ya koma tukunya. Gindi shafaffe ya isa har wajen ƙafa 1,400 a daƙiƙa. Mai ɗan sassaƙe a gefe ya fi sauƙin cusawa a kwanso, masu loda da yawa na son sa, ko da yake wajen neman saiti na ƙarshe na fi yarda da shafaffe. In za ka haura zuwa ƙafa 2,000, sayi mazubin da aka yi wa gurbin hular tagulla a gindi. Ƙarin kuɗi ne da ƙarin aiki, amma ita ke hana wuta lasar dalma tana shafe maka bututu.

Taurin haɗi ma ya bi gudun. Dalma zalla tana wajen 5 a ma'aunin tauri na Brinell, haɗin Lyman lamba 2 mai kashi 90 dalma, 5 kuza, 5 antimoni yana wajen 15, linotayif kuwa, wato dalmar haruffan ɗab'i, 22. Mai tauri ba ya rufe giɓi in harsashin ya yi ƙanƙanta, shi ya sa ake son faɗinsa ya ɗara na ramin tsagi da inci .001. Wannan awon ba a kwali yake ba. Ka shafa wa dunƙulen dalma mai laushi mai, ka kora shi ta cikin bututun, ka auna shi da maikiromita. Mai libarba ya auna maƙogwaron kowane rami na silinda shi ma. Da wannan lambar a hannu za ka zaɓa tsakanin mazubin alminiyom na Lee, mai sauƙin kuɗi da saurin ɗaukar zafi, da na ƙarfe irin na Lyman ko RCBS, mai nauyi a hannu, mai son a kare shi daga tsatsa, amma mai riƙe zafi daidai tsawon zaman zubi.