Lauyar da ta tsaya wa ɗan da ke ciki

Mijin ƙanwata ya rasu ya bar ta da cikin wata shida da yara biyu, babban ba ya tafiya sai a keken guragu. Ko arba'in ba a yi ba baffannin yaran suka fara kawo dillalai gidan da ke Fadaman Mada. Ni na je neman lauya, tunda ita tana takaba, har aka yi min kwatancen ofishin wata Barista a titin Yandoka, nan Bauchi.

Na zauna ina lissafa mata magada. Ta dakatar da ni: "Hajiya, kin ƙirga huɗu. Na cikin fa, wa ke tsaya masa?" Wallahi sai da hawaye ya zubo min, don duk zaman da aka yi a gida ba wanda ya ambace shi.

Ta ɗauko takarda ta zana min komai. Matar na da tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, mahaifiyar mamacin sudusi, wato ɗaya cikin shida, ragowar na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Baffanni ba su da ko sisi tunda akwai ɗa namiji. A mazhabar Malikiyya kuma ana jingine rabo har a haihu, don sai an ga jaririn ya zo da rai, an san namiji ne ko mace, lissafi yake tsayuwa. Da wannan hujjar ta je kotun shari'a aka hana taɓa gidan.

Inda ta fi burge ni shi ne maganar babban yaron. Marigayin bai bar wasiyyi ba, sai ta nemi alƙali ya naɗa wanda zai riƙe dukiyar marayun, da sharaɗin rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Ta kafa hujja da aya ta 6 a Suratun Nisa'i, wadda ta ce a miƙa wa maraya dukiyarsa idan ya balaga aka ga hankalinsa, a gaban shaidu. Ta ce ƙafa ce ba ta aiki, kan yaron ras yake, kada gobe wani ya fake da lalurarsa ya ƙi sakar masa haƙƙinsa.

Akwai abin gyara. Ofishin a bene yake, ranar da ta nemi ganin yaron sai da ɗana ya goya shi. Takardar izinin kula da dukiyar mamaci, wadda banki da kamfanin fansho ba sa sakin kuɗi sai da ita, ta ci mu wata biyar, kuma ba a sanar da mutum inda aka kwana sai ya kira. Kuɗin aikinta dai ta faɗa tun ranar farko, ta karɓa kashi uku, ba ta ƙara ko naira ba.

Ƙanwata ta haifi mace. Bayan suna da sati uku aka raba gadon, sunan jaririyar na layi na biyar a takardar kotu.