Guzheng da lantarki: a saurari katako ko a saurari tsirkiya?

Guzheng molon Sinawa ne mai tsirkiya 21, ya haura shekara 2,000 ana kaɗa shi. Mawaƙan da ke neman sabon sauti da shi sukan rabu biyu wajen jona shi da lantarki.

Wasu suna manna ɗan faifan piezo (na'urar da ke mayar da girgiza ta zama lantarki) a jikin katakon paulownia, icen da ake yin fuskar molon da shi. Wannan komai yana ji: bugun farce, ƙwanƙwasa katako, har kukan tsirkiyoyin da ke hagun gadoji (ƙananan katakan da ke tokare tsirkiyoyin), waɗanda a kiɗan gargajiya aikinsu kawai a danna su a lanƙwasa sauti. Ga mai gwaje-gwaje, nan riba take. Matsalarsa, idan aka ƙure murya sai lasifika ta fara ƙugi, sautin kuma ya yi tsini.

Wasu kuma maganaɗisu suke shimfiɗawa ƙarƙashin tsirkiyoyi, irin na jitar lantarki. Ƙarfen cikin tsirkiyar zamani kaɗai yake ji (da na siliki ne irin na da, ko uffan ba zai ce ba). Ƙugi kan ragu, amma muryar katako ta tafi.

Ni dai piezo na fi so, da ƙuginsa.