Sharhi kan The Shining: tsoro ya kai, amma an rasa uban da ke cikin littafin

Stanley Kubrick ya fitar da fim ɗin The Shining a 1980, daga littafin Stephen King na 1977. Na karanta littafin kafin kallo, kuma dogon bugun Amurka na kalla, mai kusan minti 144, ba wanda aka rage wa tsawo don Turai ba. Duk wanda bai kalla ba ya sani zan taɓo ƙarshen labarin.

Jack Torrance marubuci ne da ke fama da barin giya. Ya karɓi aikin kula da otal ɗin Overlook a tsaunukan Colorado lokacin hunturu, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, aka bar shi daga shi sai matarsa Wendy da ɗansu Danny, yaron da ke ganin abin da ke ɓoye ga sauran mutane.

Wajen tsoratarwa fim ɗin ba shi da makusa. Abin da ya fi burge ni shi ne Kubrick bai fake da duhu ba. Otal ɗin a haskake yake tar, falonsa faɗi ne da shi, amma hankalin mai kallo ba ya kwanciya. Akwai inda kyamara ke bin Danny a baya yana tuƙa kekensa mai ƙafa uku: tayoyin su yi ƙara a kan katako, su yi tsit a kan darduma, su sake ƙara. Ba fatalwa, ba jini, amma a kowace kwana gabana sai ya faɗi. Na'urar Steadicam, mai hana kyamara girgiza in ana tafiya da ita, wadda a lokacin sabuwa ce, ita ta ba da damar wannan ɗauka, kuma wanda ya ƙirƙiro ta, Garrett Brown, shi ya riƙe ta da kansa.

Inda raina bai yi daɗi ba shi ne Jack. A littafin, mutum ne mai son ɗansa da gaske, wanda ya taɓa karya masa hannu cikin maye, kuma nadamar abin tana cin sa kullum. Otal ɗin ta wannan rauni ya shige shi, sannu a hankali, mai karatu yana ta fatan ya kuɓuta. A dab da ƙarshe hankalinsa ya dawo na ɗan lokaci, ya ce wa yaron ya gudu, ya tuna masa yana ƙaunarsa. Wannan wurin ya sa ni hawaye. A fim kuwa, tun a mota kan hanyar zuwa otal, idon Jack Nicholson, ɗan wasan da ya fito a matsayin Jack, ya riga ya nuna akwai matsala. Wasansa na da ƙarfi, babu musu, sai dai wanda aka fara gani a haukace ba a jin zafin faɗuwarsa. Wendy ma an rage ta. A littafin mace ce mai tsayawa da ƙafarta, a fim an bar Shelley Duvall, wadda ta fito a matsayinta, da kuka da ihu a yawancin lokaci, duk da ita ce ta kulle Jack a ɗakin ajiyar abinci.

Wasu sauye-sauyen na yarda da su. Shuke-shuken da aka aske da siffar dabbobi, masu motsi idan an juya baya, a takarda suna da ban tsoro, amma da kayan aikin wancan zamani da wuya su fito da kyau, don haka lambun ruɗaɗɗun hanyoyi da ya maye gurbinsu ya dace. Ɗakin fatalwa mai lamba 217 a littafin ya koma 237 a fim, wannan bai taɓa komai ba. Kashe Dick Hallorann, mai dafa abincin otal ɗin, da gatari ne ban ga dalilinsa ba. Dattijon ya taso tun daga Florida don ceton yaron, a littafin ya rayu ya fitar da su, a fim yana shiga otal aka gama da shi. Ƙarshen ma daban: a littafin tukunyar tururin da Jack ya manta da ita ce ta fashe ta cinye otal ɗin, a fim sanyi ne ya daskarar da shi a lambu.

King bai ɓoye rashin jin daɗinsa ba, har ya rubuta nasa shirin talabijin da Mick Garris ya ba da umarni a 1997. Wancan ya fi bin littafin sau da ƙafa, amma bai kai na Kubrick ratsa jiki ba. Shawarata, a fara da littafin sannan a kalli fim ɗin 1980, dogon bugun, kuma ba tare da ƙananan yara ba.