Busasshen kifi ko biskit ɗin kifi: wanne za ka yi wa karenka?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce kana da karnukan gadi biyu da kake koya wa zama da zuwa idan an kira su, kana son ka riƙa yi musu ɗan abin tukuici na kifi a gida. Tambayarka ita ce wanne ya fi, a yanyanka kifin a busar da shi zalla, ko a kwaɓa shi da dankali da ƙwai a gasa ya zama biskit. Ka kuma ce ga banda nan jibge a kasuwa, me zai sa ka wahalar da kanka.

Ni a ganina kifin da ke hannunka shi zai zaɓa maka hanya. Kifi marar maiƙo irin karfasa shi ake busarwa. Kifi mai maiƙo irin sukumbiya, wanda wasu ke kira titus, shi ake yi wa biskit. In ka juya su, ko dai ka yi asarar kuɗi ko ka ɓata wa kare ciki.

Ga dalili. Giram 100 na ɗanyen naman sukumbiya yana ɗauke da maiƙo kusan giram 14 da kalori wajen 205. Giram 100 na karfasa kuwa maiƙonsa bai kai giram 2 ba, kalorinsa bai cika 100 ba. Tarwadar kiwo tana tsakaninsu, gwargwadon abincin da aka ba ta a kududdufi. Wannan maiƙon na sukumbiya shi ne amfaninta, domin a cikinsa ake samun omega-3 da ke taimaka wa fatar kare da gashinsa da gaɓoɓinsa. Amma shi ne kuma rauninta. Man kifi yana saurin lalacewa idan iska da zafi suka same shi. Ka shanya sukumbiya, ruwan jikinta zai tafi amma man yana nan, zai riƙa tsattsafowa yana jiƙa takardar da ka naɗe ta, cikin 'yan kwanaki ka ji warin tsohon mai. Kare zai ci, don shi wari ba ya hana shi, sai dai abin da ya ci ba shi ne abin da ka yi niyyar ba shi ba. Karfasa kuwa tana bushewa ƙayau, ta karye a hannu, ta zauna a kwalba ba ta canza ba.

Bari in fara da busarwar, don a nan mutane suka fi yin kuskure. Da yawa suna ɗauka tunda kare ne, sai kawai a fere ɗanyen kifi a baza a rana. Kada ka yi haka. Wasu kifaye, ciki har da shawa da wasu na ruwan daɗi, suna da wani sinadari a jikinsu mai suna tiyaminas wanda ke rusa bitamin B1. Karen da ya daɗe yana cin ɗanyen irin wannan kifin da yawa yakan daina cin abinci, ya riƙa tangaɗi, in abin ya yi tsanani har farfaɗiya. Wuta tana kashe wannan sinadarin, rana ba ta isa ba. Ga kuma tsutsotsi da ƙwayoyin cuta da ɗanyen kifi kan ɗauko, waɗanda ba kare kaɗai za su kama ba, har yaran gidan da ke taɓa faranti da wuƙa. Saboda haka a fara dafawa tukuna. Ka cire kai da hanji, ka turara kifin a madambaci har naman ya yi fari ya fara rabuwa da kansa. In kana da ma'aunin zafi, digiri 63 a tsakiyar naman shi ne ma'aunin da hukumomin abinci na Amurka suka ba da don kifi. Ba gishiri, ba magi, ba komai.

Daga nan sai aikin da ya fi cin lokaci, wato tsince ƙaya. Karfasa tana da ƙananan ƙayoyi da ke ɓuya a nama, sai ka bi da yatsa a hankali. Tarwada ta fi sauƙi ta wannan ɓangaren, amma ka lura da ƙayar nan mai kaifi ta gefen kai, ita ce mai soke masunta, kada ko gutsurenta ya shiga. Dafaffiyar ƙaya da ta bushe tana iya maƙalewa a maƙogwaro ko ta yanki hanji, kuma karen da ake koya wa aiki ba ya tsayawa tauna, haɗiyewa yake yi don ya karɓi na gaba.

Idan ka gama, ka baza naman sirara-sirara kamar yadda mai kilishi ke baza nasa. Mai oben ya sa wuta ƙasa-ƙasa, digiri 70 zuwa 80, ya bar ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita, awa huɗu zuwa shida gwargwadon kauri. Wanda ba shi da oben, lokacin hunturu ya ishe shi: iskar ta bushe, rana tana da ƙarfi, sai dai dole a rufe da raga ko tsohon gidan sauro mai tsabta saboda ƙudaje da ƙura, a kuma ɗora a inda kaji da mage ba za su kai ba. Da damina kuwa ban ba ka shawarar shanya ba ko kaɗan. Kafin ya bushe ya fara yauƙi. Gara ka ƙarasa shi a kan waya bisa garwashin da ya lafa, nesa da harshen wuta. Alamar ya yi ita ce ka lanƙwasa ya karye. In ya lanƙwasu bai karye ba, akwai sauran ruwa, kuma wannan ruwan ne fumfuna ke nema.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne ƙanƙantar abin da za ka samu. Kilo ɗaya na karfasa, bayan an cire kai da hanji da ƙashi da fata, naman da ke saura bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Shi kuma naman kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ne. Ƙarshe abin da zai shiga kwalba da wuya ya kai giram 100. Ta fuskar kuɗi, busarwa tana da tsada. Ta fuskar ajiya kuwa babu kamarta: a kwalba mai murfi, a wuri mai sanyi da duhu, yakan yi mako biyu zuwa uku lokacin rani ba tare da firji ba. Kana iya zuba shi a aljihu ka fita da kare bayan gari bai dagargaje ba, shi ya sa na fi ganin dacewarsa ga masu karnukan farauta da makiyaya.

Biskit labarinsa daban. Sukumbiya ɗaya matsakaiciya, a dafa a tsince ƙaya, a haɗa da dafaffen dankalin Hausa daidai nauyinta, ƙwai ɗaya, sai garin shinkafa ko na alkama ana barbaɗawa har ya haɗu ya daina kama hannu. A murza shi fale-fale, a yanka ƙanana, a gasa a digiri 180 na minti 20 zuwa 25, sannan a kashe wuta a bar shi ciki ya ƙara tsotsewa. Tukunyar yashi da mata ke gasa kek a ciki tana yin wannan aikin sarai. Kabewa tana iya maye gurbin dankali, kuma ta fi sauƙi ga karen da cikinsa ke yawan ɓaci. Kifi ɗaya zai cika maka faranti, ƙanshinsa kuma yana jan hankalin kare fiye da na karfasa nesa ba kusa ba. Ga kwikwiyo da tsohon karen da haƙoransa suka yi rauni, wannan ya fi laushi.

Matsalarsa ajiya. Akwai ƙwai, akwai dankali, akwai mai, duk masu saurin lalacewa. Kwana uku zuwa huɗu a firji, wata biyu a firiza, kuma wannan lissafin na gidan da wuta ke tsayawa ne. Inda ake ɗauke wuta yini guda, ka yi kaɗan wanda zai ƙare cikin kwana biyu. Da watan Afrilu, biskit ɗin da ya kwana a leda a kicin ba abin bai wa kare ba ne.

Akwai abu biyu da nake so ka riƙe game da kayan haɗin biskit. Na farko gari. In za ka sa garin masara ko gyaɗa, ka tabbata na cin gidanka ne, ba ragowar ƙasan buhu da ya sha laima ba. Fumfunar masara da gyaɗa tana haifar da gubar afulatoksin mai lalata hanta, kuma gashi ba ya kashe ta. Kare ba ya jure mata. A ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta samu rahoton mutuwar karnuka sama da 100 bayan sun ci abincin kamfani da aka yi da irin wannan masarar. In haka ta faru a masana'anta mai ɗakin gwaji, ka ga kuwa tunanin "ai na kare ne" ba ƙaramin haɗari ba ne. Na biyu shi kansa kifin ƙanƙara. Sukumbiya daga nesa ake kawo ta a daskare, kuma in ta narke a hanya ko a teburin mai sayarwa ta daɗe cikin zafi, sinadarin histamin yakan taru a namanta. Shi ma dafuwa ba ta kawar da shi. Yana sa amai da zawo da ƙaiƙayi, wani lokaci fuska ta kumbura. Ka saya wurin da take da tauri kamar yadda ta fito daga ɗakin sanyi, ka dafa a ranar. Wadda jikinta ya saki, cikinta ya fashe, ka bar ta ko da an rage maka kuɗi. Abin daɗi guda, wannan sukumbiyar ta tekun Atalantika tana cikin kifayen da ba su tara sinadarin zaiba da yawa, haka karfasa da tarwada da sardin. Manyan kifayen teku masu cin 'yan'uwansu ne ake gudu.

Albasa da tafarnuwa haramiyar kare ce a kowace hanya ka bi, ɗanyu ko dafaffu ko garinsu. Suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma alamar ba ta fitowa sai bayan kwanaki, ka ga ya yi laushi, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. Wannan ne ma ya sa ragowar farfesun kifi na gida bai dace da shi ba.

To bandar kasuwa fa? Ban ce duk banda ba ta da kyau ba. Masu kyafa kifi a Baga da Yawuri sun gaji sana'ar, kuma da yawansu masu tsoron Allah ne. Amma kifin yana bin hannu da yawa kafin ya iso gare ka, kuma NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kan masu fesa maganin ƙwari irin Sniper a kayan abinci don hana ƙwari ci. Da ido ba za ka gane ba. Ƙari a kan haka, banda tana zuwa da ƙayarta a bushe, wasu kuma an sa musu gishiri. Mu mukan wanke da ruwan zafi mu dafa a miya, kare kuwa miƙa masa ake yi yadda take. In kana da mai kyafa da ka sani ka kuma yarda da shi, ka saya, ka jiƙa a ruwan zafi, ka tsince ƙaya, ka sake busarwa. Sardin na gwangwani ƙayarsa ta yi laushi, babu fargaba a nan, sai dai wanda ke shagunanmu yawanci cikin mai da gishiri yake, wani har da barkono. Jefi-jefi, a tsiyaye man a ɗauraye, ba laifi. Kullum kuwa a'a.

Sai maganar yawa, wadda na ga ana wasa da ita. Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce duk abin tukuici kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da kare ke ci a yini. Kare mai kilo 20 yana buƙatar kalori wajen 1,000 a rana, ka ga rabonsa 100 ke nan. A busasshiyar karfasa wannan bai wuce giram 25 zuwa 30 ba, don da ruwa ya tafi ƙarfin ya taru wuri ɗaya. A sukumbiya kuwa giram 50 na naman ya cinye rabon, ban da gari da ƙwai. Ka yanka ƙanana sosai, girman ƙwayar gyaɗa ya isa, domin a wurin koyarwa yawan lokutan da aka ba shi ne ke aiki, ba girman loma ba. Karen da ya yi ƙiba ko wanda ya taɓa ciwon fankiriyas, gaɓar nan da ke taimakawa wajen narkar da maiƙo, kada a ba shi na sukumbiya sai da izinin likita. Haka mai ciwon ƙoda, busasshen kifi ne ko biskit, sai da izinin likita. Ranar farko ka ba kowanne guda biyu ko uku kawai, ka lura da kashinsa da fatarsa da kunnuwansa na kwana biyu, don akwai karen da jikinsa ba ya karɓar kifi.

Tunda karnukan gadi ne kuma koyarwa ce ta kullum, ni a matsayinka busasshiyar karfasa ko tarwada marar kitse zan mayar abin yau da kullum, in yi da yawa da hunturu. Biskit ɗin sukumbiya kuma in ajiye shi don darasin da ya fi wuya, kamar kiran kare ya baro baƙo a bakin ƙofa ya dawo wurinka, in riƙa yin kaɗan ranar da na sayo kifi don gida. In firizarku na samun wuta sosai, kana iya juya lissafin ka fi yawaita biskit, zai fi maka araha.